Allurai a Kwalbar Matata

Litinin, da hantsi

Na'urar ta gyaru. Yau. Ba lokacin da matata take tsaye da ƙafafunta tana buga wa kamfani waya tana wanke su tas ba. Yau, da take kwance a asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu. Dogo, abokin aikinmu, shi ya kira ni daga ɗakin gwaji, muryarsa har rawa take don murna. Sai da ya kai tsakiyar magana ya tuna da wanda yake magana. Na ce masa madalla. To me zan ce?

Bari in rubuta abin dalla-dalla, ko kaina zai daina nanata shi.

Akwai wani ɗan ƙaramin asid da muke aiki a kai, dangin tsamin da ke cikin lemo, ba wani abin a zo a gani ba. Ita ta sa masa suna Ɗan Tsami. In aka narkar da shi aka bar ruwan ya ƙafe a hankali, yakan daskare ya zama kiristal, kamar ƙwayar gishiri, mai fuskoki sumul. Ana ɗora ƙwaya ɗaya a na'ura, a haska ta da irin hasken da ake hoton ƙashi da shi. Ɗigo-ɗigon da suka fito ni nake juya su da lissafi su zama hoto, a ga yadda 'yan ƙwayoyin da ido ba ya gani suke zaune da juna a ciki. Ita ke shukawa, ni ke karantawa. Haka muka raba aikin tun kafin a ɗaura mana aure, tun kafin mu zo ƙasar nan da ba mu da kowa.

Kowa ya san Ɗan Tsami a siffa ɗaya, fallaye kamar ɓawon kifi. Bara ta haɗa nata da hannunta, ta shuka, sai ya fito allurai. Sirara, masu sheƙi. Ba wanda ya taɓa ganinsa haka. Kafin mu ɗora ko ɗaya, na'ura ta mutu. Muna cikin jiran gyara Dogo ya yi odar kwalbar asid ɗin daga kamfani don wani aikinsa, ya buɗe ta a tsakiyar ɗakin gwaji. Shi ke nan. Ƙurar fallayen da ba a gani ta shiga ko'ina, tebur, labule, riguna, gashin mutane. Ƙwaya ɗaya ta isa ta zama iri. Tun daga ranar duk abin da ta shuka fallaye yake fitowa, kuma duk allurar da iskar ɗakin ta taɓa sai ta yi fari ta rikiɗe. Saura kwalba ɗaya, wadda ta liƙe bakinta da wuta ta kai firij ɗin ɗakin ajiya na ƙasa.

Abin da take so ke nan, ta ga hoton cikin allurarta. Likita kuma ya daina cewa watanni.

Litinin, bayan la'asar

Na faɗa mata. Na zaci za ta yi kuka, sai ta ce a ɗaga mata matashi.

"Yaushe ne layinmu a na'urar?"

"Ban je wurin Shugaba ba tukuna."

"To me ka zo yi nan? Kallona?"

Yayarta, wadda ta taso daga gida ta zo jinya, ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido. Mutum ya ƙetaro gari ya zo duba ki."

"Yaya, wannan bawan Allah in ba a tura shi ba sai ya shekara a bakin ƙofa yana sallama."

Sai muka koma musunmu. A cikin fallaye, an daɗe da sani, ƙwayoyin bibbiyu suke, fuska da fuska, kowace ta riƙe 'yar uwarta da hannu biyu. Ita ta ce a allurarta ba haka ba ne, kowace ta kama ta gabanta da hannu ɗaya, ta bayanta da ɗaya, sarƙa, shi ya sa abin ya yi tsawo. Ni na ce bibbiyun ne dai, jerin ne ya bambanta, haka lissafina ya nuna. Shekara guda muna wannan musu, a kicin, a cikin bas, har a kan gado.

"Ka shirya jin kunya, Malam."

"Na saba."

Ta nemi ruwa. Na miƙa mata kofi, hannunta da yake ɗaukar abin da bai kai ƙwayar sukari ba ya kasa riƙe shi. Yaya ta karɓa kamar dama ita aka miƙa wa.

Laraba, da azahar

Na je wurin Shugaba, mai kula da sashenmu. Ya ba ni kujera, ya tambaye ni mai jiki, ya ce kowa yana tunaninmu. Kowa yana tunaninmu. Ban ga ƙafar kowa a asibiti ba.

Ya juyo min da allon kwamfutarsa, layin na'ura cike har ƙasa. Aikin da ya taru lokacin da take mace, ɗalibai da takardar zamansu ke shirin ƙarewa, in ba su gama ba a kore su. Ya ce ƙarshen wata mai zuwa.

Na ce ya yi nisa.

Ya ce, "Nisa ga wa?" Sai ya gane. Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

Bai ba ni ba duk da haka. Ya ce ba zai iya cire yaro daga layi ba, sai in wani ya bar nasa da kansa. Na fito ina jin kamar in fasa ƙofar. Amma ɗaliban nan ma 'ya'yan wasu ne, kowane akwai tsohuwar da ke jiransa a wani gari. Da ni ne a kujerarsa ban san me zan yi ba. Na sani. Abin da ya yi zan yi. Shi ya fi ƙona min rai.

Alhamis, da safe

Ruwan sama. Bas ya makara. Ta yi amai sau da yawa.

Juma'a, da yamma

Yau ta ɗan samu. Ta sa Yaya ta gyara mata ɗankwali, ta ce in jawo kujera, taro za mu yi.

"Ko an ba mu layi, wa zai ɗauki allurar?"

Na ce Dogo. Bayanta shi ya fi kowa hannu.

"Dogo? Dogo yana da iri har cikin kunnensa. Ya sunkuya a kan kwalbata sau ɗaya, an gama."

Na ambaci wasu biyu. Ta ce duk a ɗakin suke wuni, duk sun ɗauka. Ta kalle ni, irin kallon da take yi wa kifi a kasuwa.

"Kai yaushe rabonka da ɗakin gwaji?"

Ofishina a wani gini yake, ni da kwamfuta. Na ce tun kafin Dogo ya yi aika-aikarsa.

"Ka ga amfanin lalaci? Duk wurin kai kaɗai ne mai tsarki."

Na ce mata ta san hannuna. Ko zare ba na iya zurawa a allura. Ranar aurenmu ma na zubar mata da shayi a zane.

"Na sani, sarkin rawar hannu. Za ka koya."

Ta tsara komai. A buɗe kwalbar a ginin masu binciken tsirrai, inda Ɗan Tsami bai taɓa shiga ba. Da an buɗe, sa'o'i kaɗan suka rage kafin duka su rikiɗe, don haka sau ɗaya ne, ba maimaici. In ɗauki allura ɗaya a cikin ɗigon mai, da ɗan zoben nan na bakin tsinke, siriri kamar gashi, in tsoma ta nan take a ruwan sanyin nan mai tururi. In ta ƙanƙare ba abin da zai canja ta, ko Dogo ya yi mata atishawa. Sabbin kaya daga kanti. In aske gemu da kai. Kuma in kwashe duk tufafinta na gida in ɗaure a leda, don ta yi wata da watanni tana kawo iri gida ba ta sani ba.

"Ni ma ina da shi a gashi," ta ce, "da." Ta shafa kanta ta saman ɗankwalin, ta yi dariya.

Yaya ta ce za ta ɗebo ruwan zafi. Fulas ɗin cike yake.

Lahadi, da rana

Na kwashe kayan. Ban san tana da riguna da yawa haka ba. Shuɗiyar nan da ta ƙone da asid a hannu ta ƙi yarwa. Rigar sanyin da muka saya makonmu na farko a nan, ta yi mata yawa, muka kasa mayarwa don ba mu iya yaren ba. A aljihun wata na sami tikitin bas da alewa guda.

Ina ɗaure leda ta ƙarshe Yaya ta shigo yin wanka. Ta tsaya a ƙofa. Ta kalli kabad wayam, ta kalli ledojin a jere jikin bango.

"Malam. Da ranta?"

Na fara bayani. Iri, ƙura, fallaye. Ina jin kaina kamar mahaukaci.

"Ƙanwata tana numfashi kana ɗaure mata kaya?"

Na ce ita ta sa ni.

"In ta ce ka faɗa rijiya fa?"

Ta shige banɗaki ta saki ruwa da ƙarfi. Ina jin ta duk da haka. Ban ga laifinta ba. Ta bar 'ya'yanta da mijinta, tana kwana a kujera, ba ta jin ko kalma ɗaya ta nas-nas ɗin, da hannu suke magana. Ni kuma ina nan ina tsoron ƙura.

Litinin, da safe

Na aro madubin ƙara girman abu daga masu tsirrai, na kafa a teburin kicin. Ina gwaji da ƙwayar sukari. A cikin madubi zoben yana rawa kamar wutsiyar kare. Duk wadda na taɓa sai ta yi tsalle ta ɓace.

Daga gida an kira. Babban wanmu. Ya ce me muke jira, a dawo da ita cikin dangi. Na ce likita ya hana ta jirgi. Ya ce likitocin can ba su san komai ba sai takarda. Shekara nawa ina nan, bai taɓa tambayata aikin me nake yi ba. Amma ya kira. Wasu ko haka ba su yi ba.

Talata, bayan la'asar

Dogo ya tare ni a bakin titi, ya tsaya can nesa kamar mai cutar da ake ɗauka. Shugaba ya gaya masa. Dogo ya ce layinsa Talata mai zuwa ne, ya bar mana.

Na san me wannan yake nufi a wurinsa. Aikinsa na shekara biyu ne, akwai wasu a wata ƙasa da ke neman riga shi.

Na so in ce na gode. Abin da ya fito shi ne, "Da ba ka buɗe kwalbar nan ba."

Ya ce, "Na sani."

Ba abin da ya sani a lokacin. Ba wanda ya sani, har ita. Kwalba ce daga kamfani, da hatiminta, ya buɗe kamar yadda kowa ke buɗewa. Na san wannan sarai, kuma duk da haka in na ga tsawonsa a lungu sai haushinsa ya kama ni. Na tura masa saƙon godiya da na shiga bas. Ya amsa da hoton babban yatsa. Ɗan banza mai kirki.

Laraba, da yamma

Na yi aski. Wanzamin ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, gemun ya fi shekara goma.

Da na shiga ɗakin Yaya ta ja mayafi ta ce, "Bawan Allah, ba nan ba ne." Matata ta yi dariya har na'urar da ke kanta ta fara ƙara, nas ta shigo a guje.

"Wayyo cikina. Yaya, dubi abin da na aura. Ashe haɓa ba ta da yawa."

"Ke kika sa shi."

"Da na san haka yake a ciki ai da na ƙara tunani."

Ta sa na sunkuyo, ta shafa kumatuna da bayan hannu. Hannun sanyi ƙalau. Ta ce, "Yaro sabo." Na ce zan je in ga likita. Ban je wurin kowa ba, na tsaya a matakala.

Alhamis

Ba ta gane ni ba da safe. Ba saboda gemun ba.

Asabar, bayan la'asar

Ta dawo hayyacinta. Garau, kamar ba a yi ba. Abin da ta fara tambaya, ƙwaya nawa na ɗauka. Na ce ko ɗaya. Ta ce in kawo madubin nan.

Na ɗauko shi a bas a cikin kwali. Muka kafa a teburin da ake ba ta abinci. Nas ta leƙo, ta buɗe baki, ta rufe, ta tafi.

"Zauna. Ba haka ba, kamar mai jiran hukunci. Ajiye tsintsiyar hannunka a kan tebur. Ɗan yatsanka ƙarami shi ne ƙafarka, kafa shi. Shayi nawa ka sha yau?"

"Kofi biyu."

"Daga yau babu. Kuma kana riƙe numfashi, ina gani. Wa ya ce ka riƙe? Saki. Tsakanin fitarsa da shigar wani akwai ɗan wuri da jiki ke yin shiru. A nan ake ɗauka."

Na gwada. Ta tsere.

"Kana bin ta. Kada ka bi ta. Sa zoben a ƙarƙashinta ka ɗago, ita za ta zo."

Yaya tana ninke tawul ta ce, "Haka kika yi masa shi ma?"

"Shi ai ko zobe ban sa ba."

Kafin azahar na ɗauki ɗaya. Ƙwayar sukari, zaune a tsakiyar zobe, tana sheƙi. Na juyo in nuna mata, ta yi barci, bakinta a buɗe kaɗan. Na riƙe abin a haka har hannuna ya gaji. Yaya ta zo ta leƙa madubin da ido ɗaya, ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Tun ranar ledoji ba ta yi min magana mai laushi ba sai yau.

Lahadi, da yamma

Sukari ya zama wasa. Na koma gutsuren gashin buroshi, don sun fi kama da allura. Kaina yana sarawa saboda rashin shayi.

Litinin, da azahar

Likita ya kira ni ɗan ɗakin nan mai kujeru masu laushi da kwalin tishu a tebur. Na tsani kwalin nan. Ya yi magana a hankali don in gane. Na gane tun kafin ya zauna.

Na tambaye shi Alhamis fa, ranar da nake sa ran kai mata hoton. Ya ce yana fata.

Talata, da magariba

An yi.

Da sassafe na yi wanka, na sa kayan kanti, har da takalmi. Mai gadin ɗakin ajiya ya buɗe min firij. Kwalbar ba ta kai ɗan yatsa ba, da rubutunta a jiki, rubutun nan mai kwanciya gefe. Na rungume ta a cikin auduga na taka a hankali har ginin masu tsirrai. Sun share min tebur a ƙurya, sun fita.

A madubi na fara ganinsu da idona. Shekara guda ina musu a kansu, a hoto kawai na san su. Suna kwance a ƙasan ruwa, a harɗe, garau kamar ba a taɓa yin ciwo a duniya ba. Na daɗe ban fasa ba. Muddin kwalbar tana rufe, suna nan.

Na yi bisimilla na karya wuyanta.

Allura ta farko na danne ta da yawa, ta karye biyu. Ta biyu ta hau zoben, ina ɗagowa na ja numfashi, ta zame. Sai na ga gefen ruwan, can wajen bakin kwalbar, ya fara hazo. Fari-fari, yana tafiya. Ko daga ina irin ya zo, Allah kaɗai ya sani. Wataƙila daga girata. Wataƙila daga iska kawai.

Hannuna ya fara abin da ya saba. Na ajiye zoben. Na kafa ɗan yatsa. Na zaɓi wata gajera mai kauri a can ƙasa, ba kyakkyawa ba, irin wadda ita za ta wuce. Na sa zoben a ƙarƙashinta, na saki numfashi, na jira. Ta zo.

Ruwan sanyi ya yi cuu, tururi ya tashi.

Na fito da fulas ɗin ruwan sanyin a hannu biyu. Dogo yana jira a tsakar gida, ya shiga gabana da tazara yana korar mutane, "Hanya! Hanya!" kamar ana fitowa da amarya. Wani mai keke ya zage shi. Dogo ne ya ɗora allurar a na'ura, cikin iskar sanyi, hannunsa ko gezau. Muka tsaya a bayan gilashi. Ɗigon farko suka fito a allo, zagaye, tsaf, kowane shi kaɗai. Dogo ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Na koma ɗaukar kayana. Kwalbar ta zama kamar madara.

Laraba, da hantsi

Bibbiyu ne.

Laraba, bayan la'asar

Lissafin bai ɗauki lokaci ba, hoton ya faɗo kamar dama jira yake. Fuska da fuska, hannu biyu-biyu. Jerin ne sabo, kowane biyu sun ɗan goce daga na ƙarƙashinsu, suna hawa kamar matakala. Abin da na faɗa. Daidai abin da na faɗa.

Na tilasta wa kwamfuta sarƙa. Ta ƙi. Na sake ta wata hanya, ta ƙi. Tunda nake ban taɓa neman kuskure a aikina da irin wannan kwaɗayi ba. Babu.

Na sami Yaya a baranda, matata tana barci. Na gaya mata. Ba ta san bambancin sarƙa da bibbiyu ba, amma ta san ƙanwarta.

"Wa ya gani bayan kai?"

"Ba kowa."

"To zana mata sarƙar."

Ta rage murya.

"Malam, kwana nawa ya rage? Ka bar ta ta ci wannan. Me zai rage ka da shi? Kai kana da sauran shekaru da za ka yi ta yin gaskiya."

Na ce za ta gane.

"Da, za ta gane. Yanzu da allurar barcin nan ko sunana sai ta yi tunani."

Gaskiya ta faɗa. Shi ne abin.

Na dawo ofis na zana. Bai fi ƙarfina ba, na ja wannan nan, na juya wancan. Ta yi kyau ƙwarai, sarƙar, ta fi ta gaskiyar kyau. Yanzu hoto biyu ne a kwamfutata, ɗaya kusa da ɗaya.

Alhamis, da yamma

Ta farka wajen hantsi, idonta nata ne. Ta ga jakar kwamfuta.

"An samu?"

"An samu."

"Wa ya ɗauka?"

"Ni."

"Da wannan hannun?"

"A karo na uku."

"Ɓarna biyu. To, ba laifi. Buɗe."

Yaya ta tsaya a bayan gadon tana kallona. Na ɗora kwamfutar a teburin abinci. Kibiyar allon tana tsakanin hotunan biyu. Na danna ɗaya.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce in juya shi. In ƙara juyawa. In kalle shi ta tsawon allurar.

"Ka gwada sarƙa?"

"Ta kowace hanya."

"Ta ƙi?"

"Ta ƙi."

"Ɗan banzan asid." Ta lumshe ido, na zaci ta tafi barci. Sai ta ce, "Yaya ta ce ka yi min ƙarya, ko?"

Yaya ta ce, "Ni? Yaushe?"

"Na san ki. Tun muna yara in na faɗi jarrabawa kike cewa malamin ne ba ya so na." Ta lalubo hannuna. "Na gode da ba ka ji tausayina ba, Malam. Kowa a nan tausayina yake ji. Na gaji."

Ta mayar da ido kan allon.

"Matso da shi. Dubi yadda suke hawa. Kai, dubi. Ba wanda ya taɓa ganin wannan."

Na ce, "Ke kika shuka."

"Na sani. Ka ci wannan karon. Kada ka saba."

Ta sa na bar hoton yana juyawa da kansa. Ta kalle shi har ido ya rufe. Da zan tafi Yaya ta zuba min shayi a murfin fulas, ta ce yanzu ai an gama, in sha.

Juma'a

Ta ce a kunna mata hoton. Ba ta ce komai ba bayan haka.

Asabar, da rana

Barci.

Lahadi

Ba zan rubuta yau ba.

Laraba, ban san wace ba, da la'asar

Yaya ta koma gida. A filin jirgi ta ce in riƙa cin abinci, ta ce in bar gemun ya dawo, ba kyan gani. Na ce to.

Shugaba ya zo gida da kansa. Bai taɓa zuwa ba, sai da ya ɓata a hanya. Ya zauna a bakin kujera da rigarsa ta sanyi a jiki. Ya ce shi da Dogo sun rubuta bayanin aikin don a buga, ba sa so su dame ni, in duba kawai in na samu hali. Ya miƙo shafin farko. Sunanta ne a gaba, nawa na biye. Dogo ya ƙi a sa nasa.

Ya yi gyaran murya. Ya ce akwai 'yar alama da ake sawa a gefen sunan marubuci in ya riga mu gidan gaskiya, da layi ɗaya a ƙasan shafi. In ba a sa ba mutane za su yi ta rubuto mata, suna tambayar yadda ta shuka allurar. Ya ce bai so ya sa ba sai ya tambaye ni.

Na ce a sa. Gaskiya ce.

Ya ciro biro ya yi ta da hannunsa, ƙarama, a saman harafin ƙarshe. Ya ba ni hannu ya tafi.

Da na rufe ƙofa na ɗora babban yatsana a kan alamar, na karanta sunan haka.